A sawun Anne Wiazemsky, daga Faris zuwa Malagar

Wata mata ce ta fitar da ni daga Kano a ƙarshen watan Yunin 2025, matar da ban taɓa sa wa ido ba, wadda ta rasu a Faris tun ranar 5 ga Oktoban 2017. Sunanta Anne Wiazemsky. Ta yi shekara 20 da ɗoriya tana fitowa a finafinan Faransa da Italiya, sai ta juya ta kama rubutun littattafai, ta yi kusan shekara 30 a kai har ajalinta. Masu koyar da Faransanci irina sun san amfanin littattafanta a aji: jimlolinta gajeru ne, ba ta kwana-kwana, kuma kusan kowane labari nata yana da adireshi, titi kaza, ƙauye kaza, tashar jirgi kaza. Adiresoshin nan na rubuta a takarda ɗaya, na jera su yadda rayuwarta ta bi su, na ɗauki jaka.

Wahalar tafiya Faransa tun daga gida take farawa, wajen biza. Ana cike takarda a shafin France-Visas, a nemi rana a cibiyar karɓar takardu ta Abuja, mutum ya je da kansa a ɗauki hoton yatsunsa. Kuɗin biza yuro 90 ne tun Yunin 2024, ban da ladan cibiyar. Sai inshorar lafiya wadda ƙarfinta ya kai yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin zuwa da dawowa, da bayanin asusun banki. Suna da lissafin guzuri na kowace rana: yuro 65 ga wanda ya kama otal, 32.50 ga wanda wani mazaunin ƙasar ya yi wa takardar masauki daga ofishin magajin gari, 120 ga wanda ba shi da ko ɗaya. Wurare biyu ne mutane suka fi zamewa. Na farko a ranto kuɗi masu kauri a zuba a asusu ana saura kwana biyu, alhali jami'in yana duba shige da ficen watannin baya ne. Na biyu ranakun inshora da na otal da na tikiti su saɓa wa juna, ko da da kwana ɗaya. Ana iya miƙa takardu tun ana saura wata 6, kuma samun ranar zuwa cibiyar shi ne mai cin lokaci, don haka da wuri ake farawa.

Ranar Asabar na shiga mota a tashar Unguwa Uku, muka bi Kwanar Dangora da Zariya, shingayen 'yan sanda na tsayar da mu ana leƙa but a ɗaga mana hannu. Daga Kaduna na hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Idu, na kwana Abuja, daren Lahadi muka tashi. Awa 6 da 'yan mintuna ne a sama.

A filin jirgin Charles de Gaulle ɗan sandan iyaka ya tambaye ni abu uku: ina zan sauka, yaushe zan koma, ina inshorata. Duk na buga su a takarda na riƙe a hannu, domin waya kan mutu ko ta ƙi kama intanet daidai lokacin da ake buƙatarta. Wani dattijo da muka zo tare, kwastan suka buɗe jakarsa suka tarar da kilishi naɗe a takarda, tsarabar ɗansa. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara daga ƙasashenmu, busasshe ne ko ɗanye. Ya ce mini, "Malam, yi musu bayani, ai busasshe ne." Na yi, suka saurara, suka karɓe. Yaji da kuka da garin kunu ba wanda ya taɓa masa.

Da gangan na zaɓi in sauka ranar Litinin. Katin sufurin mako, wanda suke kira Navigo Découverte, daga Litinin zuwa Lahadi yake aiki ko da ranar Alhamis aka saye shi. Katin kansa yuro 5, kuɗin mako yuro 31.60 a farashin 2025, a liƙa ɗan ƙaramin hoto a rubuta suna, in ba haka ba masu binciken tikiti su ci mutum tara. Da shi na hau jirgin ƙasa na RER B daga filin jirgi, wanda tikitinsa kaɗai yuro 13 ne a 2025, da shi kuma na yi duk zirga-zirgar bayan gari, inda a lokacin kowane hawan jirgi yake cin yuro 2.50. Duk wanda ya tare ka a tashar Gare du Nord ya ce zai saya maka tikiti da katinsa, ka gode masa ka wuce wurin na'ura.

Na sauka a wani ƙaramin otal kusa da Château Rouge, ɗaki a hawa na biyar, gado da tebur da taga ɗaya, kusan yuro 90 a kwana, da ɗan harajin baƙi da ake biya daban. Makon ya zo da zafi mai tsanani, kuma gidajen Faris an gina su ne don su riƙe ɗumi, ba fanka ba iyakwandishan. Dabarar 'yan gari ita ce ta mutanen Kano a watan Afrilu: a rufe taga da rana, a buɗe da dare. Lokutan salla ne suka fi gigita ni. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, isha ta kusa sha biyu, asuba kuma tun kafin barci ya yi nisa. Abinci bai zama matsala ba. A kasuwar titin Dejean akwai mahauta masu yankan halal, da kuɓewa da doya da manja, ga gidajen abincin 'yan Senegal da Mali inda farantin shinkafa da kifi ke ƙosar da mutum biyu. Doguwar burodinsu ba ta kai yuro ɗaya da rabi ba, ruwan famfo kuma kyauta ake kawo shi a kowane gidan abinci in ka ce a ba ka na tulu.

A can na ji Hausa a bayana, wani magidanci ɗan Damagaram yana waya. Muka gaisa har da tambayar iyali da damina. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya gyara tsayuwa ya ce, "To Malam, ai mu ma muna da tamu. Ka manta da Zalika Souley?" Ya taɓo inda ya dace. A 1947 aka haifi Zalika a Yamai, shekarar da aka haifi Anne a Balin. A 1966 fim ɗin Zalika na farko ya fito, na Moustapha Alassane, kuma a shekarar ne na Anne ya fito. Zalika ta sha zagi a gari saboda irin matan da take fitowa a matsayinsu, da harkar fim ta durƙushe a Nijar ta tafi Amurka aikatau, ta rasu a 2021. Labarinta sai da wata, Rahmatou Keïta, ta ɗauki kyamara ta ba da shi. Ita Anne da hannunta ta rubuta nata. Wannan bambancin ya bi ni har ƙarshen tafiyar.

Talata na tafi unguwar Auteuil, titin Théophile-Gautier, gida mai lamba 38. Nan kakan Anne na wajen uwa ya zauna, François Mauriac, marubucin da ya karɓi kyautar Nobel a 1952. Gidan haya ne mai hawa-hawa na masu hali, ƙofarsa sai da lambar sirri, don haka daga tsallaken titi na tsaya. Uwarta, Claire Mauriac, direbar motar ɗaukar marasa lafiya ce ta ƙungiyar Red Cross a lokacin yaƙin duniya na biyu. Aikin ya kai ta Balin a 1945, gari duk kufai, ta haɗu da Yvan Wiazemsky, jami'in Faransa ɗan gidan sarautar Rasha da juyin 1917 ya kora. Ranar 14 ga Mayun 1947 aka haifi Anne a can. Aikin uban ya yi ta yawo da su, har Geneva da Caracas, sai ya rasu a 1962, uwar ta dawo da Anne da ƙanenta Pierre inuwar kakansu. Duk wanda ya tashi maraya a gidan kakanni ya san yadda ake rayuwa a irin gidan: ana ƙaunarka, amma kowace shawara sai ta bi ta ɗakin tsoho. A Faransa ta lokacin sai an cika shekara 21 ake mallakar kai, dokar ba ta sauko zuwa 18 ba sai a 1974. Shi ya sa da maganar fim ta taso a 1965, sai da aka nemi yardar gida, kuma Mauriac ya goyi bayan jikarsa.

Laraba ce ranar Guyancourt, inda aka ɗauki mafi yawan fim ɗinta na farko, Au hasard Balthazar, a bazarar 1965. Ana hawa RER C ko jirgin layin N daga Montparnasse zuwa tashar Saint-Quentin-en-Yvelines, sai a shiga bas. A tabbatar an ce wa direba tsohon ƙauyen ake nema, wajen cocin Saint-Victor, don sunan Guyancourt yanzu ya haɗe unguwanni da yawa masu nisa da juna. Na fara sauka a inda bai dace ba, cikin ofisoshi masu gilashi, sai da na dawo baya. Ƙauyen manoma ne a zamanin fim ɗin. Daga shekarun 1970 gwamnati ta dasa sabon birni a kan gonakin, yau har babbar cibiyar zane-zanen motocin Renault tana nan. Abin da ya rage shi ne cocin, da 'yan katangun dutse, da wasu manyan ƙofofin gidajen gona, da tafkunan La Minière a cikin kurmi. Na zauna a dakalin da ke gaban cocin na buɗe littafin Jeune fille, wato "Budurwa", wanda ta ba da labarin wannan bazarar a cikinsa.

Fim ɗin labarin jaki ne, daga haihuwarsa har mutuwarsa, yana wucewa daga hannun wannan zuwa na wancan, mai tausayi da mugu da mashayi da marowaci, da wata yarinya Marie da rayuwa ke wulaƙantawa kamar yadda take wulaƙanta jakin. Bature na kallonsa a matsayin misali mai zurfi. Wanda ya taɓa ganin jakin yashi da gyambo a gadon baya, ana dukansa yana tafe kai a sunkuye, ba ya buƙatar a fassara masa komai.

Daraktan, Robert Bresson, ba ya aiki da ƙwararrun 'yan wasa. Mutanen gari yake ɗauka waɗanda ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Florence Delay, wadda ta fito masa a wani fim a 1962, ita ta kai masa Anne. Gwajin da ya yi mata na murya ne: ya ba ta rubutun wani tsohon fim ɗinsa na 1943, ta yi ta karantawa tana maimaitawa har sai duk wani lanƙwasa murya ya fita, kalmomin suka rage tsirara. Haka aikin ya kasance a lokeshin. Shi zai faɗi taku nawa za a yi, inda ido zai sauka, lokacin da za a ɗaga kai, a kan wace kalma hannu zai taɓa ƙofa. A ɗauki fitowa ɗaya a sake, a sake, sau goma ko fiye, har jiki ya gaji ya daina nuna gwaninta. Hujjarsa ita ce, mutum a rayuwa ba ya tunanin yadda zai miƙa hannu, miƙawa kawai yake yi, kuma wannan rashin tunanin ne kyamara ke nema. Abin da ke ɓata aikin shi ne wanda ya riga ya koyi wasan kwaikwayo, don zai riƙa taimaka wa kalma da gira da kafaɗa. Wanda ya saba da finafinanmu, inda ake auna jaruma da yawan hawayenta, zai ɗauka Anne ba ta yin komai a fim ɗin. Sai an kai rabi mutum zai lura ya kasa ɗauke ido daga fuskarta.

Akwai ɗaya gefen, kuma shi ne ƙashin bayan littafin Jeune fille. Tana da shekara 18, shi ya haura 60. Ya raba ta da sauran ma'aikata, ya sauke ta a gidan da ya sauka, ɗakinta kusa da nasa, ya hana kowa matsowa kusa da ita, kuma ta rubuta cewa ya yi ta neman wuce iyaka tana kaucewa. Bresson ya rasu a 1999, littafin bai fito ba sai 2007, shekara 42 bayan abin ya faru. Ta dogara da kundin da take rubuta abubuwan kowace rana tun tana yarinya. Abin da ya sa nake girmama littafin shi ne bai rage wa mutumin girman basirarsa ba, bai kuma wanke shi ba. Da da hali, da an fassara shi zuwa Hausa an ajiye a kowane ofishin furodusa, a kuma ba duk uban da 'yarsa ta zo masa da maganar shiga fim. Tambayoyin da ke ciki namu ne: a ina za ta kwana, wa ke tare da ita, wa za ta kai wa ƙara in mai ba ta aikin ne ya matsa mata.

Alhamis na hau RER A zuwa Nanterre-Université, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba daga tsakiyar gari. An buɗe jami'ar a 1964 a gefen wata babbar unguwar bukkokin kwano da katako ta ma'aikata 'yan Aljeriya, tashar ma a lokacin La Folie ake kiranta. 'Ya'yan masu kuɗin yammacin Faris, irin su Anne, kullum sai sun ratsa ta gefen talaucin nan kafin su shiga aji, kuma wannan na cikin abin da ya hura wutar da ta tashi a nan ranar 22 ga Maris 1968. Bukkokin sun tafi, dogayen gine-ginen kankare na farko suna nan, ba mai gadi da ya tare ni a ƙofa.

Anne ta shigo nan karatun falsafa a kakar 1966. A watan Yunin shekarar ne ta rubuta wa darakta Jean-Luc Godard wasiƙa ta hannun mujallar Cahiers du cinéma, ta ce tana son fim ɗinsa da wanda ya yi shi. Ya biyo ta har Montfrin a kudancin ƙasar inda take hutu. A Yulin 1967 aka ɗaura musu aure a Begnins ta ƙasar Suwizalan, tana da shekara 20 yana da 36, gidansu ba su so ba. Kafin auren sun riga sun gama La Chinoise, labarin ɗalibai masu bin aƙidar Mao da suka kulle kansu a gida ɗaya suna shirya juyin juya hali. Daga ajin Nanterre ta kawo wa mijin nata wani ɗalibi, Omar Blondin Diop, ɗan Senegal haifaffen Yamai a 1946, wanda ya fito da sunansa na gaskiya yana ba da lacca a fim ɗin. Ya koma gida ya yi adawa da gwamnatin Senghor, aka ɗaure shi, ya mutu a kurkukun tsibirin Gorée a Mayun 1973 yana da shekara 26. Hukuma ta ce kashe kansa ya yi, danginsa ba su taɓa yarda ba.

A cikin jirgin dawowa na tuna fitowar da aka fi sani a fim ɗin, don ita ma a cikin jirgin ƙasa aka ɗauke ta. Anne na zaune tana fuskantar Francis Jeanson, malamin falsafar da ya shirya ta sake zama jarrabawar kammala sakandare, mutumin da ya jagoranci masu taimaka wa 'yan gwagwarmayar Aljeriya a ɓoye. Tana kare ra'ayin tayar da bam a jami'a, shi yana rusa hujjarta ɗaya bayan ɗaya. Jeanson da bakinsa da tunaninsa yake magana. Ita kuwa an saƙala mata 'yar na'ura a kunne, Godard yana raɗa mata amsa tana maimaitawa. In aka kalli wurin da kyau za a ga ɗan jinkirin da take yi kafin kowace jimla. Bresson ya goge mata murya, Godard ya zuba mata tasa. Shekara 45 bayan nan ta ba da labarin wannan shekarar da nata kalmomin a Une année studieuse, 2012.

Da yamma na biya titin Miromesnil, inda gidan da aka ɗauki fim ɗin yake, gidan da Godard ke zaune a ciki a lokacin. Titin na dab da fadar shugaban ƙasa da ma'aikatar cikin gida, ko'ina 'yan sanda. Ina tsaye ina duba takardata sai ɗaya ya matso ya nemi fasfo, ya duba biza, ya miƙo mini ya ce in ci gaba da tafiya. A unguwar nan ba a daɗewa a tsaye, ba a ɗaga waya a nuna ƙofar gwamnati, kuma fasfo na asali ake riƙewa. Daga nan na wuce Cinémathèque a titin Bercy, gidan adana finafinai, wanda ke rufe ranar Talata. A ɗakin karatunsa akwai wurin da mutum zai zauna shi kaɗai ya kalli tsohon fim, na sake kallon jakin Bresson da ƙurar Guyancourt a takalmina.

Juma'a na yi ta a Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926, a sauka a tashar Place Monge. A je da wuri, don sahu kan fito har tsakar gida. Daga nan da ƙafa ake shiga unguwar ɗalibai, a bi titin Gay-Lussac inda aka kafa shingayen duwatsu a daren 10 ga Mayun 1968, a gangara titin Saint-Jacques inda ita da Godard suka koma da zama. A littafin Un an après na 2015 ta ba da labarin watan nan daga tagar gidansu: hayaƙi mai sa hawaye, yajin aikin da ya tsayar da ƙasa, ita tana yawo da takalmi mai taya saboda ba mota ba jirgi, mijinta kuma yana nutsewa cikin siyasa yana nisa da ita. A 1968 ta fito a fim ɗin Teorema na darakta Pasolini a Italiya. Zaman auren ya mutu a farkon shekarun 1970, takardar saki ta fito a 1979. Ta ci gaba da fim da wasan daɓe, amma manyan matsayi suka yi ta raguwa kamar yadda suke raguwa ga kowace jaruma da ta doshi 40.

A 1988 kamfanin Gallimard ya buga littafinta na farko, tarin gajerun labarai. Ofishinsu na wani ɗan lungu da yanzu ake kira titin Gaston-Gallimard, ba allo ba talla, kantinsu kuma na kan titin Raspail. Canines na 1993, labarin 'yan wasan daɓe da daraktan da ke juya su, ya ci Goncourt ta ɗaliban sakandare, kyautar da ɗalibai kusan 2,000 ke karanta jerin littattafai cikin wata biyu su zaɓa da kansu. Une poignée de gens na 1998, wanda ta gina a kan tarihin dangin ubanta a jajibirin juyin Rasha, ya ci babbar kyautar ƙagaggen labari ta Académie française. Mon enfant de Berlin na 2009 kuwa da wasiƙun uwarta ta saƙa shi.

Baiwa kaɗai ba ta riƙe marubuci shekara 30, akwai tsarin da ya tallafe ta. Tun 1981 doka ta ce kamfanin ɗab'i ne ke yanka farashin littafi, kowane kanti a kansa zai sayar, ragin da aka yarda bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, shi ya sa babban kanti bai iya kashe ƙarami. Kamfani ke ɗaukar nauyin gyara da bugu da rarrabawa, marubuci na karɓar kimanin kashi 8 zuwa 12 na farashi, bayan shekara ɗaya ko biyu a sake fitar da littafin a ƙaramin bugu mai araha. A Kano marubuciya ita ce mai neman kuɗin bugu, ita ce mai kai wa 'yan kasuwa bashi, ita ce mai bin kuɗinta. Ba mamaki da hanyar tamu ta bi ta ɗaya gefen, marubuta irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu suka taso daga littafi suka shiga fim. Mai neman littattafan Anne da sauƙi ya je Gibert a titin Saint-Michel, inda na hannu ke jere da sababbi, an liƙa musu 'yar takarda rawaya. Guda 7 na saya, kuɗinsu bai kai na kwana ɗaya a otal ba.

Asabar da sassafe na hau TGV, jirgin ƙasa mai tsananin gudu, daga Montparnasse zuwa Bordeaux, awa 2 da 'yan mintuna. Tikitinsa kamar na jirgin sama yake, yana tsada in rana ta matso, don haka tun daga gida na saya. Ana rufe shiga saura minti 2 a tashi, kuma kowace jaka sai an ɗaura mata suna. Daga Bordeaux ƙaramin jirgi ya kai ni Langon. A nan lissafina ya kuskure: na ɗauka zan tarar da tasi a bakin tasha, ban tarar da ko ɗaya ba, a ƙananan garuruwan Faransa kiran su ake yi tun jiya. Na sayi ruwa na taka, na haye gadar kogin Garonne, na bi gefen titi cikin gonakin inabi zuwa Saint-Maixant, kusan awa ɗaya da hawan tudu a ƙarshe, rana tana dukan ƙeya.

Malagar, inda na nufa a Saint-Maixant, gidan gonar Mauriac ne, kakan mahaifinsa ya saye shi a 1843. Ba fada ba ce, dogon gida ne na manomi mai wadata, da rumbunan ajiye giyar inabi a gefe, sana'ar yankin ke nan. Cikin gidan sai da ɗan rakiya ake shiga, rukuni-rukuni, don haka a tambayi lokutan zagaye kafin a zo. Matar da ta zagaya da mu ta nuna mana kicin da tukwanensa na tagulla, da falo, da ɗakin da tsohon yake rubutu. A waje akwai shingayen itatuwa da aka yi wa aski suka zama kamar lungu mai inuwa, in ka bi su sai su fito da kai kan wani dandamali na dutse. Daga nan ana hango gangaren inabi, da kwarin Garonne, da rufin gidajen Langon, can ƙarshen gani kuma baƙin layin dajin Landes.

Nan Anne ta yi hutun ƙuruciyarta. A 1985 'ya'yan Mauriac su huɗu, har da uwarta, suka ba gwamnatin yankin Aquitaine gidan kyauta don ya zama wurin tunawa da ubansu. Ga al'umma alheri ne, da ba a yi haka ba da ban shiga ba. Ga jikar kuwa rashi ne, kuma ta rubuta zafinsa. Wanda aka raba gadon gidansu yana ji yana gani, ya dawo unguwar ya tarar da baƙi a zauren kakansa, ya san abin. Shekara 3 bayan kyautar da gidan littafinta na farko ya fito, kuma gidan iyali da ke shirin kuɓucewa shi ne jigon Marimé na 1991. Na tambayi 'yar rakiyar ko baƙi kan tambayi labarin Anne. Ta ce akasari saboda kakan suke zuwa, amma masu zuwa saboda jikar sukan daɗe a dandamalin.

Littafinta na ƙarshe, Un saint homme, ya fito a farkon 2017, watanni kafin ciwon daji ya ɗauke ta tana da shekara 70. Bai shafi Bresson ko Godard ba. Labarin wani limamin coci ne, Fada Deau, malaminta na Faransanci a Caracas, wanda ya fara karanta rubuce-rubucenta tana yarinya ya ce ta ci gaba. Suka rabu shekara 25, sai ya ji muryarta a rediyo tana bayanin littafinta na farko, ya nemi lambarta ya kira. A inuwar dandamalin na karanta shafukan farko, har 'yar rakiyar ta zo ta ce za ta sauka Langon in ina son ta rage mini hanya.

Na kwana Bordeaux, Lahadi na koma Faris. Litinin katin mako ya riga ya ƙare, na sayi tikitin yuro 13 zuwa filin jirgi. A Abuja jami'in kwastan ya ɗaga jakata ya ji nauyi, ya zuge ta, ya ɗauki Jeune fille yana juya shi.

"Malam, duk na sayarwa ne?"

Na ce na ɗalibai ne. Ya mayar da shi a kan sauran, ya ja zif ɗin, ya ce Allah ya ba da sa'a.